Ƙamshin Da 'Yata Take Gudu

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na haɗiye na manta, amma ranar da wata mace ta tsayar da ni a bakin ƙofarta, 'yar cikina tana hannunta tana kokawa da numfashi, ta ce kada in kuskura in shigo, wannan kam sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo ni, amma har yau tana nan a raina kamar jiya aka yi.

Mu asalinmu Barebari ne. Fatauci ya kawo kakanninmu Potiskum, a unguwar Hausari aka haife ni, a nan kuma aka aurar da ni. Sana'ata turaren wuta, kuma ba a waya na koya ba irin na 'yan yanzu, gadonsa na yi daga uwata, ita ma daga tata uwar. Saiwar kajiji da itacen hawi da farcen turare, in wanke, in shanya, in soya da sukari, in zuba musu turaruka in rufe su tsumu. Amaren garin nan har da na Fika da hannuna ake ƙamsasa ɗakunansu. Mu a gidanmu macen da ba ta ƙamshi ba ta gama shiri ba, ko da gwal ta zuba tun daga wuya har ƙafa.

Maigidana direban babbar mota ne, yau yana Legas gobe yana Maiduguri, sai in shafe makonni ban sa shi a ido ba. Mun daɗe ba haihuwa, na sha magani na sha gori, sannan Allah ya ba mu mace ɗaya tilo. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Daga ita ko ɓari ban sake yi ba. To ku da kanku kun san yadda mai ɗa ɗaya take.

Tana shiga firamare ciwo ya bayyana. Busasshen tari ya fara, sai kuma ƙirjinta ya riƙa yin fito, ka gan ta zaune ta dafa gwiwa tana neman iska. A asibiti likita ya ce asma ce, wadda tsofaffinmu ke kira fuka. Ya tambaya ko akwai mai ita a dangi, na ce kakarta ta wajen uba ta sha fama da ita. Ya ce to ana gadon ta, amma kwance take, sai an tsokano ta take tashi, ya shiga lissafo masu tsokanar: ƙura, hayaƙi, gashin dabba, sanyi, mura, ƙamshi mai ƙarfi. Da ya zo kan ƙamshi na gyaɗa kai, a raina na ce na kanti yake nufi, irin na fesawa mai sinadarin Turawa. Namu kuwa itace ne da saiwa. Da shi aka turara ni ranar sunana, da shi aka turara uwata, wa ya taɓa jin ya kwantar da wani?

Na dawo gida na tayar da hankalin kowa. Kyanwata da nake ji da ita na kai wa goggona a Ngojin, can bayan gari. Na naɗe kafet na kyautar. Na daina kunna maganin sauro, na bar girkin icce na koma na gas. Baban Ummi in ya dawo daga tafiya a zaure yake tuɓe kayan aikinsa masu warin baƙin mai. Har faɗa na yi da wani maƙwabci a kan ƙona shara, muka yi wata ba ma gaisawa. Amma kullum da safe sai na ɗora kayan makarantar Ummi da hijabinta a kan kabbasa, wato ɗan kejin nan na saƙa da ake kifawa a kan kaskon turare, su sha hayaƙi su ƙoshi, don duk inda ta gifta a san 'yar wace ce. Ciwo kuwa bai fasa tashi ba.

Ana nan sai wata mata ta kama hayar gidan da muke katanga ɗaya. Kirista ce daga wajen Jos, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun girma sun watse. Duk unguwa Madam muke ce mata. Ni da kaina na fara tura Ummi wajenta, don ta riƙa duba mata aikin gida na Turanci da lissafi, tunda ni bokona bai yi nisa ba. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na bar ta ta yi ta cin sifili.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Ummi ta dawo daga makaranta, ko abinci ba ta tsaya ci ba, sai gidan Madam. In aika a kira ta, ta ce tana zuwa. In sake aikawa, ta shigo tana jan ƙafa kamar wadda za a kai yanka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta kan katanga nake jin dariyarta. Ina jin ƙarar igiya tana tsalle, ina jin ta tana waƙa har tana ƙure murya. Yarinyar da a gidana in ta zauna a tabarma sai ka rantse ba ta da laka, ita ce take wannan ɗauki a gidan wata. In dafa mata dambu da zogale, ta tsakura ta ture, amma ta dawo tana ba ni labarin gwaten acca na gidan Madam har tana lashe baki. Gwate! Ni da ko baƙon kunya aka yi a dangi ni ake kira in ɗora tukunya.

Sai matan unguwa suka samu abin yi. In mun haɗu a gidan suna sai wata ta ce, "Maman Ummi, ina 'yar Madam?" A kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Ran da na ji Ummi ta kira matar nan Mami da bakinta, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Ba zan ɓoye muku ba, kishi nake yi, irin wanda ban taɓa yi a kan namiji ba. Ni na ɗauki ciki, ni na yi naƙuda, ni nake kwana a zaune in ciwo ya tashi, amma fara'ar wata ake kai wa.

Da Baban Ummi ya dawo na zayyane masa. Yana cin tuwo yana saurare, da ya gama ya wanke hannu ya ce, "Haba, Maman Ummi, ai ɗa na kowa ne. Baiwar Allah tana son 'yarki, sai ya zama laifi?" Na ce, "Ɗa na kowa ne, amma ai ba kowa ya haifa ba." Ya yi dariya ya juya ya kwanta. Namiji ke nan.

Wata rana da la'asar na gaji da aike, na zari mayafi na shiga gidan da kaina ba ko sallamar kirki. Me zan gani? Ummi tana tsakar gida cikin wata 'yar riga ta atamfa da ban taɓa saya mata ba, kayan da na turara mata da safe kuwa ga su can an rataye a ƙarshen igiya, nesa, kamar tsumman goge-goge. Ashe riga aka ɗinka mata ta musamman, tana zuwa a tuɓe mata nawa a sa mata nasu. Na ji jini ya hau mini ka.

Na ce, "Madam, wari kayan gidana suke yi, ko kuwa tsiraici kika ga 'yata tana yi da za ki ɗinka mata sutura?"

Ta taso da sauri, da Hausarta ta mutanen Jos da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Maman Ummi, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. Ni ma ina da wannan ciwo tun ina yarinya. Turaren nan naka yana da daɗi, amma shi ne yana tashe mata ciwo. In ta shigo da shi, ni da ita duka muna tari. Na daɗe ina so in gaya maka, ina jin tsoro."

Tabɗijam! Ta taɓo inda ba a taɓawa. Na ce, "Turaren nawa? Ke da ko kasko ba ki taɓa riƙewa ba, yau ke za ki koya mini abin da uwata da kakata suka tsufa a kai? In 'ya kike so ki je ki nemi taki." Na fizgi hannun Ummi, na tsinke kayanta daga igiya, muka fice. A gida na kafa mata doka, na ce in na sake ganin ƙafarta a gidan nan sai na karya ta. Hawaye kawai take yi.

A makon ne kuma aka kawo mini aikin wata amarya 'yar gidan masu hali daga Fika, turare kala-kala da humra ta shafawa, kuma a gaggauce ake so. Na aika goggona ta zo daga Ngojin ta taya ni. Ranar Asabar tun hantsi muka jera tukwane a tsakar gida muna suya, muna gwadawa a garwashi muna shinshinawa. Gida ya turnuƙe, har masu wucewa a layi suna cewa kai, yau gidan nan ba dama. Ummi tana ɗaki, tunda ba makaranta kuma na hana ta fita. Ina jin tarinta jefi-jefi, na ce a raina fushi ne take yi da ni, za ta huce.

Bayan azahar na leƙa in ba ta abinci. Na same ta a durƙushe a gefen gado, ta dafa katifa da hannu biyu, wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi. Na ɗauko abin shaƙarta na girgiza na fesa mata, ashe ya ƙare, ban lura ba saboda hidimar amarya. Na ƙwalla wa goggo kira. Ta shigo ta dube ta ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, baki ne. Yarinya tana shiga gidan da ba a san me ake yi ba. Kawo wuta a yi mata hayaƙi." Ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba habbatussauda da kajiji, ta kawo gaban fuskar yarinya ta lulluɓe su da zane. Haka aka yi mana muna yara, kuma da zuciya ɗaya ta yi.

Ummi ta fara fisge-fisge. Na yaye zanen, na ga leɓenta ya yi wani irin duhu, idanunta sun firfito, fiton ma ya daina fita. Ba ta iya magana, sai ta ɗaga hannu tana nuna katanga, katangar gidan Madam. Ku ji ikon Allah, a wannan halin ma abin da ya fara zuwa mini shi ne, wato ko a bakin mutuwa ita take nema ba ni ba. Sai hannun ya faɗi. Ban san lokacin da na saɓa ta a kafaɗa ba, ba takalmi ba mayafi, na yi waje ina salati.

Da ƙafa na riƙa dukan ƙofar. Madam tana buɗewa ba ta tambayi komai ba, ta karɓe ta, ta yage rigar da ke jikinta ta jefar waje, ta zaunar da ita a kujera ta tallafe ta. Na sa kai zan bi su, sai ta ɗaga mini hannu ta daka tsawa, "Tsaya a nan! Kar ka shigo! Jikinka duka turare ne!"

Na tsaya. Ni, uwar yarinya, a dokin ƙofa, ina leƙe kamar mai tallar da aka ce ta jira canji. Ina kallo ta ɗauko abin shaƙarta, ta zura a gindin wata robar ruwa da aka huda, ta kafa bakin robar a bakin Ummi, tana fesawa tana cewa, "Ja a hankali, 'yata, ja, Mami tana nan." Kowace kalma kamar ana soka mini allura. Ina addu'a Allah ya sa abin ya yi aiki, ina kuma jin kamar in shaƙe matar. Duka biyun a zuciya ɗaya, a lokaci ɗaya.

Da fiton ya ɗan dawo ta ce sai asibiti. Aka tsayar da keke napep, ta shiga da Ummi a cinyarta. Na ɗaga ƙafa zan hau, ta girgiza kai, idonta cike da hawaye ta ce, "Don Allah, Maman Ummi, ka hau wani." Haka na hau wani na bi su a baya, ina hango kan 'yata a kafaɗar wata mace har muka isa. A can ma wata nas tana jin ƙamshina ta ce in koma waje. Aka sa wa Ummi abin numfashi a fuska, ni kuma na samu gindin dalbejiya na zauna a ƙasa. Na shinshina hannuna, na shinshina zanena. Ni ban ji komai ba. Hancina ya daɗe da sabawa.

Can wajen la'asar sakaliya Madam ta fito ta ce an shawo kan abin, Ummi ta buɗe ido tana tambayar Ummanta. Na zabura, ta riƙe ni. Ashe ta aika gida an kawo mata leda, a ciki akwai zanenta da rigarta da ɗankwali da sabulun wanki. Ta nuna mini bayin asibiti. Matar da na ce ta je ta nemi 'yarta. Na karɓa kaina a ƙasa.

Na tsefe kitsona na wanke gashi, na dirji jiki har fata tana zafi, na sake maimaitawa. Tunda na yi wayo ban taɓa fitowa gaban mutane ba ko ɗigon humra a jikina, sai ran nan. Na ɗaura zanen Madam, na ji ni wata iri kamar ba ni ba. Na shiga ɗakin a hankali na tsaya nesa da gado, ina tsoron 'yar da na haifa.

Ummi ta dube ni, ta ɗan buɗe hanci kamar mai gwada wani abu, sai ta miƙo hannu. Na matsa na zauna. Na ce, "Ummi, da gaske turarena ne yake sa miki ciwo?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "To me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

Da 'yar muryarta da ta dushe ta ce, "Umma, na ga kina son shi, kuma na Kaka ne. Na ce za ki ji haushi." Ta ɗan huta, sannan ta ce, "In kin rungume ni ma riƙe numfashi nake yi har ki sake ni."

Inna lillahi. Shekara da shekaru ina rungumar yarinya ina jin daɗi, ita kuwa tana jira in sake ta ta sha iska, kuma ta rufa mini asiri don kada raina ya ɓaci. Na kasa ko kuka. Sai ta jawo ni, ta cusa fuskarta a wuyana, na ji ta ja numfashi dogo, ta sauke, ta sake ja. Ba ta sake ni ba har barci ya ɗauke ta. Hannuna ya sage, ban motsa ba.

Amaryar Fika dai a gidan goggo aka ƙarasa mata aikinta, kuma tun daga ranar, can tukwanena suka koma. Ban bar sana'a ba, da ita nake rufa wa kaina asiri, amma sai na yi wanka na sauya kaya a Ngojin nake kama hanyar gida. Katifa da labule da duk abin da ya sha hayaƙi na fitar. Dangi sun yi ta surutu, wai gidan Babarbariya ba ƙamshi kamar ɗakin gwauro. Na ce su yi ta faɗa. Asma ba ta rabu da Ummi ba, takan motsa in ta yi mura ko damina ta kankama, amma ba mu sake ganin irin waccan ranar ba. Na je har gida na ba Madam haƙuri, ta ce, "Ba komai, ni ma uwa ne." Ta yi ritaya ta koma garinsu, kuma har yau in suna waya na ji Ummi ta ce Mami, sai na ɗan ji wani abu ya motsa mini. Hali zanen dutse.

Abin da na koya shi ne, in ɗanka yana gudun ka, kafin ka zargi gidan da yake gudu zuwa, tsaya ka duba abin da yake gudu a naka. Yaro ba ya faɗin abin da ke cutar da shi in ya ga iyayensa suna ƙaunar abin, haɗiyewa yake yi. Kuma ba duk abin da aka gada ne yake karɓar kowane jiki ba. Ni na tsaya ina kishin wa 'yata ta fi so, ita kuwa baiwar Allah iskar da za ta shaƙa kawai take nema.